Kofin hunturu ya tafi shagon tela

Gasar hunturu ta kulob ɗinmu na darar ces a Katsina ta ƙare ranar Lahadi bayan la'asar, kuma tun daga lokacin wayata ba ta huta ba. Waɗanda ba su samu zuwa ba suna tambayar wa ya ci. Waɗanda suka zo kuma so suke su ji bakina a kan abin da ya faru a teburi na ɗaya a zagayen ƙarshe, tunda ni na yi alƙalanci. To ga shi na zauna zan rubuta duka biyun. Ba zan kama sunan kowa ba, don ban nemi izini ba. 'Yan kulob sun san kowa da laƙabin da muke kiransa, shi zan yi amfani da shi.

Mutum 16 suka shiga, aka yi zagaye biyar, uku ranar Asabar, biyu ranar Lahadi. Wanda ya ci wasa yana da maki ɗaya, kunnen doki kowa ya ɗauki rabi. Auta, yaron shagon tela mai shekara 14, shi ya ɗauki kofi da maki 4½. Baba Malam, wanda ya kafa kulob ɗin kuma ya riƙe kofin nan tun da muka fara gasar, ya zo na biyu da maki 4. Mutum uku suka tashi da 3½: baƙonmu na Daura, da ɗalibin nan na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, da ɗiyar sakatarenmu. Da muka raba gardamar da lissafin Buchholz, wato aka tara makin abokan karawar kowa, ɗan Daura ya zama na uku, domin shi kaɗai a cikinsu ya gamu da na ɗaya da na biyu duka. Ɗalibin ya zo na huɗu, yarinyar ta biyar.

A wani ajin makarantar firamare muka yi, can wajen Ƙofar Ƙaura, wanda mai makarantar yake ara mana duk ƙarshen mako ba ya karɓar ko sisi. Na isa tun ƙarfe bakwai na safe, hazo ya rufe gari, fitilar babur da kyar take nuna gabanka. Tebura duk sun yi fari da ƙura, sai da muka bi su da tsumma sau biyu kafin mu shimfiɗa alluna. Allunanmu na leda ne masu naɗewa, kuma sanyi yakan sa bakinsu ya ƙi kwanciya, sai an danne kusurwa da dutse. Agogon wasa biyar gare mu, tebura takwas. Sauran ukun da waya muka yi, bayan an cire layi a gabana. Duk sauran wayoyi a kwando ɗaya suka kwana har aka tashi, domin yau duk wanda ke da waya yana ɗauke da Stockfish, manhajar da ke buga ces, a aljihu, kuma tun 1997 da kwamfutar Deep Blue ta doke Garry Kasparov aka san cewa ɗan Adam ba ya ja da na'ura a wasan nan. Kowa minti 25, da ƙarin daƙiƙa 10 a kowane taku. In an kira salla, a tsayar da agogo, a bar 'ya'yan wasa yadda suke, kuma ba a yarda kowa ya tattauna wasansa da wani a hanyar masallaci ba.

Ba mu karɓi kuɗin shiga ba, kuma da gangan muka yi haka. Malamai sun daɗe da saɓani a kan wasan nan tun ana kiransa shaɗaranji, kuma ba a gida ɗaya ba aka taɓa tare mu da tambayar. Abin da muka tsaya a kai tun farko shi ne ba caca, ba kuɗin da za a tara wani ya kwashe, ba wasa a lokacin salla, ba zagi. Kofin ma wani ɗan kasuwa ne da ba ya bugawa ya saya mana, mai shayin bakin titi kuma kowa da aljihunsa yake zuwa wurinsa.

Ga masu karatu da ba su saba ba, gidajen allo 64 ne, kowane ɓangare yana da 'ya'ya 16. Mu a nan sarki muke cewa, da sarauniya, da doki, da giwa, da soro, sai dakaru takwas a gaba. Baba Malam ne ya raɗa mana sunayen. Giwa ya ɗauko ta daga Larabci, domin a shaɗaranjin da aka buga a Bagadaza zamanin Abbasiyawa haka sunan ɗan yake, kuma inda sarauniya take yau waziri ne a wurin. Yakan ce wasan ba baƙo ba ne kamar yadda ake ɗauka: daga Indiya ya taso, ya bi ta Farisa, Larabawa suka yaɗa shi, har Borno ya iso, inda ake ce masa tsatsarandi, Turawan mulkin mallaka suka tarar ana buga shi suka rubuta labarinsa a shekarun 1930. Shi kansa Baba da darar gargajiya ya fara, ta ramuka 30 a ƙasa, wannan da tsakuwa wancan da kara. Ces kuwa a kwalejin horon malamai ya koye ta wurin wani malami ɗan Indiya, ya kuma yi shekara fiye da arba'in yana neman abokan bugawa a garin nan.

Tsarin Suwizalan muka bi, wanda aka fara amfani da shi a Zurich a 1895. Ba a fitar da kowa. Bayan kowane zagaye masu maki iri ɗaya ake haɗawa, kuma mutum biyu ba sa gamuwa sau biyu. Amfaninsa a ƙaramin kulob irin namu shi ne wanda aka doke da safe ba ya naɗe tabarmarsa ya tafi gida. Ɗiyar sakatare shaida ce. Zagayen farko ta faɗa hannun Baba Malam, bai kai taku 20 ba ya gama da ita. Ta fita bayan aji ta share hawaye, ta dawo ta ci uku a jere, ta yi kunnen doki da ɗalibin nan a na ƙarshe, a wasan da shi ne yake neman tsira. Su biyu ne mata a gasar, ita da ƙawarta. Mahaifinta ya taɓa ba ta labarin Judit Polgar, 'yar ƙasar Hangari da ta zama babbar gwana tana shekara 15 a 1991 kuma ta doke Kasparov a 2002, tun daga ranar ba ta yarda a ce mata akwai teburin mata daban. Da na miƙa mata takardar shaida ta ce, "Kawu, na bazara ina so a sake haɗa ni da Baba." Na ce mata maki ne ke haɗawa, ba ni ba.

Rigima ɗaya aka yi ranar Asabar, kuma ta taɓa ni don da abokina ce. A zagaye na biyu Tela, maigidan Auta, ya kama dokinsa, ya ɗaga shi, sai ya hango cewa in ya tafi giwar abokin karawarsa za ta cinye masa soro. Ya mayar da shi, ya kai hannu kan dakare. Abokin ya tsayar da agogo ya kira ni. Dokar FIDE, hukumar ces ta duniya, a fili take: ɗan da ka taɓa da niyya shi za ka tura, in yana da wurin zuwa. In gyara masa zama za ka yi, sai ka faɗa kafin ka taɓa. Mu a nan "gyara" muke cewa. Tela ya ce ai gyarawa ya yi. Na tambaye shi ko ya faɗa, ya yi shiru. Na ce doki zai tafi. Ya dube ni ya ce, "Haba Malam, ni da kai?" Shekara 15 yana yi mini ɗinki, kayan auren ƙanwata ma shi ya yi. Na ce ni da kai ɗin ne ya sa ba zan iya ba. Ya tura dokin, ya rasa soron, sannan ya dage ya ci wasan duk da haka, don abokin ya yi sakaci ya bar layin bayansa a buɗe. Bai yi mini magana ba sai bayan azahar, da ya zo ya zauna kusa da ni ya tura mini kofin shayinsa.

Zagaye na uku Baba ya doke Tela, Auta kuma ya yi kunnen doki da ɗan Daura a wasan da ya fi kowane tsawo a ranar. Bawan Allah nan tun asuba ya kamo hanya, kusan kilomita 80, ya kwana a gidan ɗan'uwansa don ya buga na Lahadi. A intanet ya koyi wasa, a Lichess, kuma wannan ne karonsa na farko da ya zauna gaban mutum da agogo a gefe. Sau biyu yana mantawa bai danna agogo ba, Auta yana nuna masa da ido.

Lahadi da safe lissafi ya haɗa abin da nake gudu: Auta da maigidansa. Babu yadda zan yi, makin ne ya kawo haka. A shagon Tela yaron ya koyi wasan. Shekara uku da suka wuce aka kawo shi koyon ɗinki, aikinsa guga da sa maɓalli da aike. Da rana in an ɗauke wuta Tela kan fito da allo su buga da maƙwabta, yaron yana tsaye da dutsen guga na gawayi yana kallo. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Wata rana Tela ya tafi masallaci ya bar wasa a tsakiya, ya dawo ya tarar yaron yana gaya wa maƙwabcin inda zai sa doki. Labarinsa kan tuna mini da Tunde Onakoya, wanda a shagon aski a Ikorodu ya koyi ces, ya zo ya kafa shirin koya wa yaran unguwannin talakawa na Legas, ya kuma zauna awa 60 yana bugawa a dandalin Times Square na New York a watan Afrilun 2024. Wasan nasu na ranar bai yi tsawo ba. Doki ya shiga tsakiya ya kai wa sarki da sarauniya hari lokaci ɗaya, Tela ya kwantar da sarkinsa. Auta bai ɗaga kai ba. Ya tashi ya fita, ya ɗauko wa maigidansa takalmansa daga bakin ƙofa ya ajiye masa a gabansa. A teburin gefe Baba ya gama da ɗan Daura.

Haka aka shiga zagayen ƙarshe Baba yana da 4, Auta yana da 3½. Kowa ya iya lissafin. In aka yi kunnen doki kofi na Baba ne, Auta kuma ya tashi da 4. Sai ya ci kafin ya ɗauka.

Baba ne da fararen 'ya'ya, shi ke fara taku. Ya buɗe da abin da ya saba, dakaren gaban sarki taku biyu, doki, giwa, buɗewar nan ta Italiya da ta fi shekara 400 ana bugawa. A wasa mai sauri ba dole ba ne 'yan wasa su rubuta taku, don haka na ja kujera na zauna ina rubutawa da kaina. Tun da wuri Auta ya ba da giwarsa ya ci doki, Baba ya rama da dakare, sai dakarunsa biyu na gefen sarki suka hau layi ɗaya, wannan a bayan wancan. A lokacin ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Aka yi ta musaya, sarauniyoyi suka fita, dawakai suka fita. Sauran tebura suka gama ɗaya bayan ɗaya, mutane suka zagaye su, na yi ta korar su baya da hannu. Iska tana kaɗa tagar da ba ta da gilashi, ƙura tana sauka a kan allo, Baba ya naɗe wuyansa da rawani, hannunsa na ɗan rawa saboda sanyi.

A taku na 29 kowa ya rage da sarki, da soro ɗaya, da dakaru biyar. Baba ya tura soronsa, ya ɗago ya dubi yaron ya ce, "Jikana, mu raba?" Sannan ya danna agogo. Daidai yadda doka ta ce ya yi: ka yi takunka, ka yi tayi, ka danna.

Aji ya yi tsit. Na dubi Auta. Kansa a sunkuye, hannayensa a ƙarƙashin tebur, kunnuwansa kaɗai nake gani. Agogonsa yana da minti tara. Ya ci ɗaya, ya ci biyu, ya ci uku. Na san abin da yake gani a allon, don ni ma da na ƙura ido na gan shi. A gefen sarauniya, nesa da sarakunan biyu, yana da dakaru biyu Baba yana da ɗaya. A gefen sarki Baba ne da huɗu shi da uku, amma biyu daga cikin huɗun nan su ne masu hawa layi ɗaya, ba za su iya fitar da kowa ba. In sorayen suka fita, wasa nasa ne. Amma na kuma san abin da yake gani a ɗaya gefen tebur: dattijo mai shekara fiye da 70, wanda ya saya masa littafin ces na farko, wanda ke biya masa kuɗin mota in za a je wasa, ya buɗe baki a gaban jama'a ya nemi abu a wurinsa. Garin nan Katsina ne, ta Dikko ɗakin kara. An tarbiyyantar da mu cewa babba ba ya miƙo hannu ka bar shi a miƙe.

Tela yana tsaye bayan yaron. Na ga leɓensa yana motsi, na ɗaga masa yatsa, ya haɗiye maganar.

Bayan minti huɗu Auta ya fito da hannunsa na dama, ya kama soronsa, ya kai shi layin da na Baba yake, suka fuskanci juna. Ya danna agogo. Bai ce uffan ba. Dokar ta ba da hanya biyu ta ƙin tayi: ko ka faɗa da baki, ko ka taɓa ɗan wasa don ka tura shi. Ni na karanta musu wannan da safiyar Asabar, ban kuwa yi zaton akwai wanda ya riƙe ba. Yaron ya riƙe. Bakinsa ba zai iya ce wa Baba a'a ba, sai ya bar hannunsa ya faɗa.

Baba yana da ƙasa da minti uku. Ya ci soron, sarkin Auta ya rama. Daga nan abin ya tafi kamar yadda ake koyarwa a littafi. Dakaru biyu suka tunkari ɗaya, aka yi musaya, ɗaya ya fita ba mai tare shi a can bakin allo. Dole sarkin Baba ya bar gida ya bi shi, taku bayan taku, har ya cim masa ya cinye. Kafin ya juyo sarkin Auta ya shiga cikin dakarun da aka bari ba makiyayi, ya ci ɗaya, ya ci na biyu. A taku na 51 dakaren Auta ya rage gida biyu ya zama sarauniya, sarkin Baba yana can nesa. Baba ya tsayar da agogo, ya kwantar da sarkinsa a hankali, ya miƙa hannu. Auta ya tashi daga kujera, ya durƙusa, ya karɓi hannun da hannu biyu. Baba ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Ba a yi tafi ba sai da Baba da kansa ya fara. Yaron ya koma ya jera 'ya'yan wasan duka 32 a gidajensu, na Baba da nasa, kafin ya ɗaga ido ya dubi kowa.

A wurin mai shayi aka buɗe maganar, kuma har yau ba a rufe ba. Wasu suka ce yaron ya yi rashin kara. Hujjarsu ba ta banza ba ce, don haka zan faɗe ta yadda suka faɗa. Suka ce na biyu ba abin kunya ba ne ga ɗan shekara 14, yana da gasa hamsin a gabansa, Baba kuwa Allah kaɗai ya san nawa suka rage masa. Suka ce kofi ƙarfe ne, mutunci kuwa ba a saye. Tela da kansa ya ce, "Wallahi da ni ne da na karɓa. Wanga yaro bai san mi ake nufi da babba ya roƙe ka ba." Na kuma san ba haushin an doke shi da safe ne ya sa ya faɗa ba, don shi ya fi kowa murna da kofin. Tsoronsa kada a ce yaron shagonsa ba shi da kunya, domin a sana'arsu wannan ya fi rashin iya ɗinki muni.

Ɗalibin kwalejin ya kawo misalin Gukesh, ɗan Indiya da ya zama zakaran duniya a Singafo a watan Disambar 2024 yana shekara 18, bayan ya doke Ding Liren na Sin da maki 7½ da 6½. Fiye da sau ɗaya a karawar nan Gukesh ya kauce wa hanyar kunnen doki ya ci gaba da wasa, kuma a wasa na 14 musayar soro ce a taku na 55 ta kai Ding ƙasa, aka koma sarki da dakaru. Wani dattijo ya amsa masa cewa Ding ba kakan Gukesh ba ne, kuma Singafo ba Katsina ba ce. Wannan ma gaskiya ce.

Ni ga inda na tsaya. Kara a wurinmu ita ce ka ba mutum girmansa, kuma ina ganin girman Baba Malam a wannan teburin shi ne a buga da shi da gaske. Shekara da shekaru yana faɗa mana cewa abin da ya fi ƙi shi ne a sassauta masa. Ya sha tashi daga wasa in ya lura abokin yana yi masa alfarma. Da Auta ya ga hanyar ci sarai ya rufe ido ya karɓa, da ya mayar da Baba tsohon da ake lallashi, kuma da sunan da za a rubuta a kofin bana bai zama gaskiya ba. Akwai kuma haƙƙin sauran mutum 14 da suka zauna kwana biyu cikin ƙura, kowa yana buga iya ƙarfinsa bisa yardar cewa na teburi na ɗaya ma haka suke yi. Wanda ya taso daga Daura da asuba bai zo don a raba kofi da kunya ba. Ladabin da ake nema kuwa ni na gan shi da idona: a shirun da ya yi, a durƙuson, a takalman da ya ɗauko da safe. Abin da bai bayar ba wasan ne kaɗai, shi kuwa ba nasa ba ne shi kaɗai da zai yi kyauta da shi.

Abu ɗaya ya dame ni a kaina, shi ne minti huɗun nan. Nauyi ne babba muka bari a kan yaro, mu manya muna tsaye muna kallo. Zan kai shawara taron kulob cewa a zagayen ƙarshe na gasa kada a yi tayin kunnen doki sai ta hannun alƙali, ko a hana shi gaba ɗaya kafin taku na 40. Manyan gasanni na duniya suna sa irin wannan sharaɗi, dokar FIDE ta ba masu shirya gasa damar yin haka. A gari irin namu, inda ƙarami ba ya iya duban idon babba, sharaɗin zai fi amfani fiye da can.

Da magariba ta gabato, bayan an watse, Baba ya kira ni da yaron muka koma cikin aji. Ya ce in karanto takun daga takardata, ya jera wasan tun daga farko. Da muka zo taku na 29 ya tsaya. Ya ce, "Kun san mi ya sa na yi tayin? Na ga abin da ke zuwa. Na ce bari in gani ko shi ma ya gani." Ya nuna mana cewa kuskurensa na gaske shi ne cin soron. Da ya janye nasa ya bar sorayen a allo, ko da ya rasa dakare ɗaya, da akwai hanyar tsira, domin wasan soro da soro sau da yawa a kunnen doki yake ƙarewa. Suka yi ta gwadawa, Baba ya janye soron nan, yaron ya bi ta can, har ladan ya kira salla ba su gama ba. A nan ne na fara jin muryar Auta a ranar. Ya ce, "Baba, in ka koma baya ai sai in shiga layi na biyu." Baba ya ce, "Shiga mu gani."

Gasar bazara za ta zo bayan an huta, kuma muna neman agogo uku don mu daina amfani da waya. Ɗan Daura ya ce zai zo da mutum biyu, ya kuma roƙi mu kai musu ziyara mu buga a can, Baba ya amsa.

Jiya Talata na bi ta shagon Tela karɓar ɗinki. Kofin yana kan kanta, tsakanin zarurruka da kwalin maɓallai, Tela ya sa an goge shi ya ɗaura masa ƙyallen shadda a wuya. Duk wanda ya shigo sai ya nuna masa. Auta yana bakin ƙofa yana hura gawayin dutsen guga. Ya gaishe ni, ya ce Baba ya aiko a faɗa mini in kwafo masa takun wasan a takarda mai kyau, yana so ya kai wa ɗalibansa na ranar Asabar, kuma in rubuta sunan mai baƙaƙen 'ya'ya, wato Auta, da manyan baƙaƙe.